Yaya Mamman, wanda ya bi Baba gona

Da ruwan shukar bana Yaya Mamman ya cika shekara shida a ƙasa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ina aure a cikin garin Sabon Birni, shi kuwa a gidanmu na Unguwar Lalle ya zauna har ƙarshen kwanansa. Duk shekara idan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, mutane na murna, ni kuwa Yaya nake tunawa.

Yaya manomi ne, mai gero da dawa da 'yan tumaki a bayan gida. Bayan rasuwar Inna sai Babanmu ya fara rikicewa. Da farko mantuwa ce: ya yi sallar azahar ya sake tashi ya yi alwala. Daga baya ya daina gane jikokinsa, yana tambayar mutanen da sunka rasu tun muna ƙanana. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi hayaƙi, Baba dai kullum sai ƙara nisa yake yi da mu.

Abu ɗaya ne bai bar kansa ba, wato gona. Kuma ba ta kusa da gari ba, tsohuwar gonar kakanmu da ke can cikin daji, wadda muka daina nomawa tun da 'yan bindiga suka kama hanyar. A wurin Baba babu wasu 'yan bindiga. Kullum damina ce, kullum ya makara. Da an kau da ido sai ya saɓi sungumi ya nufi ƙofa.

Yaya ne ke tare shi. Shi ke yi masa wanka, ya yi masa aski, ya wanke masa wando idan ya ɓata, don Baba ba ya yarda mace ta taɓa shi, ko da matar Yaya ce. Fura ma sai daga hannunsa yake karɓa. Yaya ya ɗauke shimfiɗarsa ya mayar bakin ƙofar ɗakin Baba, yadda ba za a fita ba sai an tsallake shi. Kasuwar Bafarawa da yake kai tumaki ya daina zuwa. Zaman majalisa ya bari. Ɗaurin aure da jana'iza sai dai ya aika a ba da haƙuri. Shekaru ya yi a haka, ya rame, idanunsa suka faɗa. Idan na zo duba su na ce ya je ya kwanta in zauna da Baba, sai ya yi murmushi ya ce, "Kina tahiya gobe, Kulu. In na saba da hutu, wa za ya ba ni shi jibi?"

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba. Matarsa ta gaya mini cewa bayan sallah ya jingina da bango yana jiran ta kawo kunu, barci ya sace shi a zaune. Da ya farka ɗakin babu kowa, babu sungumi, babu ƙwaryar iri. Ruwan da bai ɗauke ba ya shafe sawu. Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba. Maƙwabcinmu ya gamu da shi a bakin gari ya ce ya dakata a tara mutane.

"Kahin a taru ya yi nisa," in ji Yaya. "Za ni in maido shi."

Da hantsi wani makiyayi ya shigo gari riƙe da hannun Baba. A gonar wani ya same shi, nan bayan maƙabarta, inda ko kira aka yi daga gida zai iya ji, yana sara yana zuba iri cikin natsuwa. Bai ma kama hanyar daji ba. Yaya ne ya kama ta. Washegari aka samo shi kusa da tsohuwar gonar, an harbe shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani zama da aka fara yi a asibitin gwamnati na unguwarmu, don masu jinyar tsofaffi a gida. Yanzu uwar mijina ce a hannuna, ɓarin jikinta ya shanye, shi ya sa aka ce in je. Ba wani babban abu ba ne: rumfa, benci, da ma'aikaciyar lafiya guda. Tana koya mana yadda ake juya marar lafiya kada bayansa ya yi gyambo. Ta yi mana bayani cewa rikicewar tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, cewa mai ita yakan fita yawo, kuma ba gazawar mai tsaronsa ba ce idan ya sulale. Ta ce ana son a kai ga turo wanda zai riƙa karɓar mai jinya na yini guda, ya samu ya runtsa. Wannan dai har yanzu a baki yake.

Da ta gama ta ɗaura mini abin awon jini a hannu ta ce, "Ke kuma fa, Malama? Kina samun barci?" Sai na tuna Yaya. A duk shekarun da Yaya ya yi, masu zuwa gaisuwa jikin Baba suke tambaya, shi kuma su sa masa albarka su wuce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan rumfa. Na san halinsa, da farko kunya za ta hana shi zuwa. Zai ce ɗa ba ya kai ƙarar wahalar ubansa gaban hukuma. Da yawan mazan da ke wannan aiki haka suke, kuma a bencin nan kusan duk mata ne. Daga baya kuma zai tambaya, su na ƙauye fa? Wanda ke Turba ko can cikin ƙauyukan Isa, wanda hanya ta zame masa abin tsoro, wa zai riƙe masa tsohonsa ya hau mashin ya zo? Abin da na sani shi ne, da a ce wani na zuwa ya karɓe shi ko da jefi-jefi, da wataƙila barci bai kayar da shi a zaune ba. Ajali na Allah ne, na yarda. Amma gajiyar da ke tare da shi ranar nan, mutane za su iya rage ta.

Bayan addu'ar bakwai ta Yaya na ɗauko Baba na kawo shi wurina. Ba mu gaya masa ba, mun ga babu inda maganar za ta zauna. Ya ƙi fura kwana da kwanaki, sannan ya fara karɓa daga hannun mijina yana kiransa Mamman. Mijina yakan amsa. Abin mamaki, bai sake neman ƙofa ba. Sai ya zauna a tsakar gida yana kallon zaure, kamar mai jiran baƙo.

Ya ƙara damina biyu. Ana saura kaɗan ya cika, ina shafa masa ruwa a goshi, sai ya dube ni da idon da na daɗe ban gani ba, ya kira sunana daidai.

"Kulu, Mamman bai dawo ba ko?"

Na ce bai dawo ba, Baba.

Na ɗauka hankalin ya sake tafiya. Can ya ce, "Ni ya bi."

Yaya bai bar gida na siminti ba, gonar da ya mutu a bakinta kuma har yau ciyawa ce ke cinta. Abin da ya bari shi ne tsoho ya rayu da tsabta da mutunci a lokacin da bai san kansa ba, kuma tsohon nan, da ya manta da komai, ya tafi da sanin wanda ya fita nemansa. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su inda babu wanda zai ɓace.