Nonon Dada

Duk ranar Laraba, ranar Kasuwar Shanu, ƙofar gidan Ya Fanne a unguwar Yindiski cika take da ƙoren Fulani. Ni da katanga ɗaya ta raba mu, na daɗe ina tambayar kaina: furar da ba ta wuce dawo talatin ba, me za ta yi da ƙwarya goma sha biyu? Wanka take da shi? Da na tambaye ta sai ta ce, "Rauda, ke dai da kunnenki ya kai bakinki aiki, da kin sani."

Ga abin da na sani. Ya Fanne Babarbariya ce, mai fura, uwar 'ya'ya biyar. Shekara shida da suka wuce ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Tsofaffi suka ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, allura ma in ta taɓa shi sai ya fusata. Wata takwas ta yi tana shafe-shafe da hayaƙi. Da abin ya ƙi, ɗanta Nuraddeen ya kai ta asibiti a Maiduguri, aka cire nonon. Ta dawo ba gashi, ta rame kamar sillen kara, muna ta yi mata kallon bankwana. Bayan shekara ta ci gaba da kirɓa gero.

Abin da ban sani ba shi ne ta ɗauki gaba da kalmar "mama". A rediyo sankarar mama ake cewa, don kunya. Ya Fanne ta ce ta tarar da matan da suka ɗauka ciwon iyaye ne, tsofaffi, su yara ba ruwansu. Ita kam nono take cewa, gatsau. Nan aka samu matsala, tunda a garin nan nono biyu ne, akwai na ƙirji, akwai na ƙwarya.

Ina zaune ranar da abin ya faru da Dada, wata Bafulatana da ke kawo mata nono daga rugarsu ta wajen Gadaka. Dada ta zo sauke ƙwarya, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, sai da ta cije leɓe. Ya Fanne ta bi ta da ido, ta kira ta da sunan wasan Barebari da Fulani.

"Baiwata, yaushe rabonki da ki duba nononki?"

Dada ta ajiye ludayi. "Shekara goma ina kawo miki, Babarbariya, yau ne za ki ce na zuba ruwa? Ɗanɗana."

"Ba shi nake nufi ba. Akwai gudaji a ciki?"

"Kindirmo ne, ya za a yi ya rasa gudaji?"

Ni dai dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Ya Fanne ba ta yi ba. Ta tura hannu cikin rigarta, ta zaro wani ɗan ƙunshin auduga da ta ɗinke da ƙyalle, ta ajiye kan faifan Dada. Gefen rigar ya lafe.

"Wannan nake nufi."

Dada ta daɗe tana kallon audugar. Can ta ce wata uku ke nan da ta ji ƙullutu a nononta na dama, kamar ƙwallon goruba, kuma bai yi zafi ba sai kwanan nan. Mijinta Sajo bai sani ba. Yayarta ma irinsa ne ya kashe ta, kwana arba'in bayan an yi mata aiki, don haka ita ƙarfe ba zai taɓa ta ba.

"Shekara nawa yayar taki ta yi da shi kafin a kai ta?"

"Uku."

"To ba wuƙa ce ta kashe ta ba, jira ne. Ni ƙarfe ya taɓa ni, ga ni nan ina cin ki a ciniki duk mako."

Dada ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ko sallama babu. Larabar da ta biyo ba ta zo ba. Ya Fanne ta wuni tana leƙen ƙofa, har furar ranar ta yi tsami. A makon ne na gane sauran ƙoren: ba ciniki ke kawo su ba. Ɗaka take shiga da matan ta koya musu yadda ake lalubawa da tafin yatsu bayan wanka. Wadda aka samu da wani abu, a cikin waɗanda suka warke wata za ta raka ta asibiti. Su bakwai ne yanzu, suna kiran kansu Masu Ƙwarya Ɗaya, Ya Fanne ce shugaba, ba wanda ya zaɓe ta kuma ba mai iya tsige ta.

Laraba ta uku Dada ta shigo ba ƙwarya a ka, Sajo na tsaye a waje da sandarsa. Ta ce, "Babarbariya, in na mutu ke ce."

"Na ɗauka. Ɗauko gyalenki."

Wata tara aka yi ana zirga-zirgar asibiti. Larabar da ta wuce Dada ta dawo da ƙwarya, ta rame, ɗankwali har gira, amma da hannunta ta sauke. Ya Fanne ta miƙa mata sabon ƙunshin auduga, sannan ta ɗebi nonon a ludayi ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan kam, baiwata, akwai ruwa."