Tayoyin Ɗakin Hajiya

Cikin duk ranakun da na yi a wannan ofishi, wadda ba na jin zan taɓa mantawa da ita ita ce ranar da tayar ɗakin Hajiya ta fashe mana a kan babbar hanyar shigowa Guangzhou. Tsofaffin ma'aikata sun ji labarin daga bakin Maigida, wanda yake ƙara masa gishiri duk sa'ad da ya ba da shi. Saboda ku da kuka zo kwanan nan, zan faɗe shi yadda ya faru.

A lokacin ban daɗe da kammala karatun injiniyan motoci a nan birnin ba, Maigida ya ɗauke ni a matsayin jami'in duba kaya. Aikin mai wannan muƙami shi ne ya raka ɗan kasuwa masana'anta, ya yi masa tafinta, ya duba abin da aka saya, sannan ya tabbatar wa ofis cewa kayan sun cancanci shiga kwantena. Da zarar an rufe kwantena an sa mata hatimi, magana ta ƙare; sai a gida za a sake ganin abin da ke ciki.

A watan Agusta na shekarar Alhaji Ɗanlami ya iso daga Kano. Babban ɗan kasuwar tufafi ne, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa yana hulɗa da ofishinmu. A kasuwar tufafi ta Shahe masu shaguna kan miƙe idan sun hango hularsa. Wannan karon, ban da tufafi, ya zo da wata buƙata. Yana da gona a wajen Tudun Wada, uwargidansa kuma ta ce ba za ta ƙara kwana a can ba sai an samar mata wuri mai ƙofa da makewayi. Shi kuwa ya gani a waya irin ɗakin nan na tafi-da-gidanka da masu yawon shaƙatawa suke ɗaurawa a bayan mota: gado, ɗan kicin da banɗaki, duk a kan taya biyu. Tun kafin ya saya ya raɗa masa suna ɗakin Hajiya. Babban ɗansa ne zai riƙa jan sa daga Kano zuwa gona, iyali suna cikin motar.

Kafin mu fita daga ofis a unguwar Tianhe, Maigida ya ja ni gefe ya ce, "Mukhtar, Alhaji ya haife ka, ni ma ya girme ni a kasuwa. Ka yi tafinta, ka duba kaya. Lacca ce ban yarda ba."

Na ce, "Na fahimta, kuma zan yi iya ƙoƙarina wajen taƙaita bayani."

Ya ce, "Ka ga irinta ko? 'To' kaɗai ta isa."

Masana'antar da ke ƙera ɗakin tana bayan gari. Alhaji ya shiga ɗakin ya kwanta a kan gadon, ya murɗa famfo, ya buɗe kowace durowa. Da ya zo kan tayoyi sai ya yi musu gwajin da duk Bakano ya gada: ya hauri ta dama da ƙafa, ya karkata kunne, ya hauri ta hagu, sannan ya zura yatsa cikin zanen ya ji zurfinsa.

"Sababbi fil," in ji shi. "Injiniya, mu tafi."

Ni kuwa da na durƙusa na ga wasu siraran tsagogi a gefen robar, kamar faso a dunduniya. Na miƙe na gyara murya. "Alhaji, akwai abubuwa huɗu da suke kashe tayar irin wannan ɗaki. Na farko..."

"Ajiye sauran ukun," ya ce, "ma yi guzuri da su a hanya."

Abin da ban sani ba shi ne ya riga ya sa an kawo masa diloli na tufafi daga Shahe har masana'antar. Kun san ƙa'idar mutanenmu: ba a barin fili a cikin abin da zai hau jirgin ruwa. Aka yi ta jidar diloli ana cusawa, a kan gado, a ƙarƙashin gado, har cikin banɗakin Hajiya. Na ce masa nauyin ya wuce abin da aka ƙera ɗakin ya ɗauka. Ya dube ni cike da tausayi.

"Ɗana, akwai iska a Kano. Ba zan biya kuɗin jirgi in kai musu wata ba."

Muka ɗaura ɗakin a bayan motar wani direba ɗan ƙasar, muka nufi sitonmu da ke unguwar Liwan da tsakar rana, kwalta tana huci. Mun kusa shiga gari sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ɗakin ya yi dama, ya yi hagu, yana fizgar motar tare da shi. Alhaji ya riƙe kafaɗata yana salati. Allah Ya sa direban tsohon hannu ne, bai taka birki da ƙarfi ba. Ya bar motar ta rage gudu da kanta har muka gangara gefe. Tayar dama ta yi kaca-kaca, yagaggiyar robar ta ɓalle murfin da ke samanta. Direban ya ƙi motsawa sai da aka mayar da rabin dilolin bayan motarsa. Muka sa safaya, muka lallaɓa har shagon wata mai sayar da tayoyi.

A nan ainihin aikin ya fara. Alhaji ya ce tsautsayi ne, ƙusa ce, a ba shi taya ɗaya ta ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi ta zama safaya, shi ke nan. Na juya fasasshiyar tayar ciki da waje, babu ƙusa. Ta hagu da safayar da muka sa kuwa duk 'yan uwanta ne, tsagoginsu iri ɗaya. Na tuna hanyar Tudun Wada a watan Afrilu, da ɗan Alhaji, direban da bai taɓa jan komai a bayan mota ba.

Na koma gefe na kira Maigida, na ce ba zan iya tabbatar da cewa kayan sun cancanta ba. Ya ce, "Gobe da safe ake rufe kwantena. Idan Alhaji ya fusata ya koma wani ofis, to kai ma ka fara neman wani. Idan ka shawo kansa, ban hana ba."

Na dawo na sake gwadawa. Na yi bayanin yadda zafi yake taruwa a cikin roba, da yadda wayoyin ciki suke rabuwa da ita. Ina tsakiyar magana Alhaji ya tambayi direba, da hannu, inda alƙibla take.

Bayan mun yi sallar La'asar a bayan shagon, matar ta kawo mana shayi, ta ba Alhaji kyautar ɗan tawul sabo a leda domin ya share gumi. Ya yi godiya, amma hannunsa bai san kyauta ba. Ya murza tawul ɗin tsakanin yatsu, ya ja bakinsa kaɗan, zaren ya saki.

"Kwantai ne," ya ce da ni a hankali. "Ba a taɓa amfani da shi ba, amma ya sha zama a sito. Ido ba ya gani, sai hannu. Yadi idan ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi a tsaye."

Na ajiye kofin shayina. "Alhaji, taya ma tana yin kwantai."

Ya juyo.

Na jawo fasasshiyar tayar, na goge gefenta, na nuna masa lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye. Na ce biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekarar. Ya ciro tabarau ya sa, ya karanta, ya ƙirga da yatsu. Tayar ta haura shekara shida a duniya. Ya je ya durƙusa gaban ta hagu, babbar riga tana jan ƙasa, ya karanta. Ya zagaya ya karanta ta safaya. Ya miƙe a hankali.

"Ni Ɗanlami," ya ce, "ni aka sayar wa kwantai?"

Ban taɓa ganin mutum ya sauya cikin ƙiftawar ido haka ba. Fashewar da ta kusa kifar da mu ya yafe mata, tsautsayi ne. Wannan kuwa cin mutunci ne. Ya sa na kira masana'antar a gabansa, na fassara musu abin da ya faɗa, ko da yake na rage masa kaifi. Sannan ya juya kan mai shagon. "Lawban!" ya kira ta, wato maigida da yaren nan. Ta yi ta gangaro da tayoyi yana duba lamba yana cewa "Meyo, meyo," wato babu, har sai da ta fito da na shekarar da muke ciki.

Yana zaune a kan kujera kamar alƙali sai ya ce, "Injiniya, ina sauran ukun nan?"

Na ce suna nan, ba su lalace ba.

Na farko, wato shekaru, ya riga ya gani; na biyu nauyi ne. Na nuna masa lambar da ke faɗin iyakar nauyin da kowace taya take ɗauka. Shi da ya san nauyin kowace dila da ka, ya haɗa lissafin kafin in buɗe waya, ya yi tsaki. Na ce tayar ƙaramar mota gefenta laushi gare shi domin jin daɗin fasinja, ɗaki kuwa yana buƙatar wadda aka yi domin ɗaukar kaya, mai taurin gefe, kada ya riƙa rangaji a bayan mota. Na ƙara da cewa taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da ita ƙarfi, saboda haka diloli dai sai sun fito. Na uku iska: a auna ta da ma'auni da safe kafin taya ta yi zafi, domin tayar da iskarta ta gaza ita ce take dahuwa a hanya. Na huɗu gudu da rana: kada a wuce gudun da aka rubuta mata, kuma idan ɗakin zai yi wata da watanni a gona, a rufe tayoyin, domin zama a rana ya fi tafiya cin su.

Ya sayi uku, har da safaya, da ma'aunin iska biyu, ɗaya nasa ɗaya na ɗansa. Game da diloli kuwa, muka daidaita a kan a jera su kewaye da ɗakin a cikin kwantena. A cikin ɗakin ya yarda a sa barguna da filoli marasa nauyi, domin dai kada a ce an kai iska Kano. Da aka gama ɗaura sababbin tayoyin, ya zagaya ya hauri kowace da ƙafa, ya saurara, ya ce, "Yawwa."

Washegari aka rufe kwantena. Maigida ya ce ashe lacca ma tana da rana.

Abin da na koya shi ne aikinmu tafinta biyu ne. Ta farko daga Sinanci zuwa Hausa, wannan kowa yana iyawa idan ya daɗe. Ta biyu daga abin da ka karanta zuwa abin da mutumin da ke gabanka ya riga ya sani da hannunsa. Mutanenmu ba ƙin gaskiya suke yi ba. So suke a miƙo musu ita ta ƙofar da suka saba shiga. Idan ta shiga kuwa, sukan riƙe ta fiye da wanda ya kawo ta.

Ɗakin ya isa gona lafiya, Hajiya tana kwana a ciki. Bayan 'yan watanni ɗan Alhaji ya kira ofis yana neman wanda ya koya wa mahaifinsa karatun taya. Ya ce yanzu duk Juma'a, idan an idar da salla, sai an jira Alhaji a mota, domin yana can durƙushe a gindin motocin jama'a da tabarau a hanci, yana kiran masu su ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu shekarun tayoyinsu. Ko liman bai tsira ba.