Mun Je Ganin Gona, Mun Dawo da Zakara

Unguwar Mu'azu zuwa Television

Ranar Asabar ana sallame Asuba muka kulle gida, gari bai gama wayewa ba. Ni da Malam maigidana, da jaka ɗaya, da wani takalmin roba mai kaiwa gwiwa da ya saya musamman don wannan tafiya, ya kuma ƙi yarda a sa shi a jaka. A ƙafarsa ya fito da shi. Mai Keke ya dubi takalmin ya ce, "Alhaji, ruwa ya ci layinku ne?" Malam ya ce, "Gona za mu." Yadda ya faɗe ta kai ka ce Makka.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Tun da Malam ya yi ritaya bara, wayarsa ta cika da bidiyon mutanen da suka bar birni suka koma ƙauye. Kullum zancensa ɗaya: mu ci abin da muka noma, mu yanka abin da muka kiwata. Wasa wasa har ya sa dillali ya samo mai sayen gidanmu, aka ce ranar Litinin za su zo a yi magana ta ƙarshe. Ni kuwa a gidan nan na yi goyon 'ya'yana duka, Islamiyyarmu ta matan aure tana bayan layi, Innata tana Unguwar Sanusi da ciwon ƙafa. Na kai kukana wurin Allah, na ja bakina na yi shiru, don Malam in ka ce masa kada ya yi, fetur ka zuba wa wuta.

Rifkatu ce ta kawo shawarar tafiyar. Ƙawata ce tun sakandare, tela ce a unguwar Television nan Kaduna. Iyayenta suna wani ƙauye bayan Kachia, ba sa sayen komai sai gishiri da ashana. Ta ce Malam ya je ya gani da idonsa, akwai ma fili na sayarwa kusa da nasu. Na taɓa yin hutu a can muna 'yan makaranta, na kuma san wata al'ada tasu da ban gaya wa Malam ba. Allah Ya yafe mini.

A tasha muka same ta riƙe da ledar ƙosai. Sai wajen ƙarfe bakwai da rabi motar ta cika, mutum huɗu a kujerar mutum uku, kuɗin mota kuwa ya kusa ninka abin da Rifkatu ta biya lokacin Kirsimeti.

Hanyar Kachia

Muka bi ta Sabon Tasha, muka wuce Kujama. Ƙarshen damina ne, dawa ta fid da kai, ko'ina kore shar. Malam yana gefen taga yana yi wa motar bayani. "Wancan gero ne," in ji shi. Direba ya ce, "Dawa ce, Baba." Malam ya ce ai 'yan uwan juna ne.

Shingayen jami'an tsaro ba su da iyaka, ana tsayawa ana leƙo mu ana cewa a wuce. A Kasuwar Magani muka sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, mai zafi, mai araha har na ji kunyar tayawa. Daga Kufana hanya ta fara nuna halinta, na kama tasbihi, Rifkatu ta kama waƙar coci ƙasa-ƙasa, kowa da Wanda yake kira. Kafin Azahar muna Kachia.

Daga nan sai babur. Uku muka ɗauka, muka yanki hanyar ƙasa ta cikin gonakin citta, kusan rabin awa ina riƙe da hijabina da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da raina. Da muka iso wani rafi aka ce kowa ya sauka ya taka. Malam ya shiga ruwan nan da takalminsa yana waiwayenmu, mu da muke tattare zane. Gaskiya a nan ya ci mu.

Gidan Baba Ayuba

Baba Ayuba, mahaifin Rifkatu, dogo ne siriri, gashinsa fari fat. Matarsa Mama Tani ta rungume ni tana cewa, "Dije, ke ce kika zama uwar mata haka?" Kafin mu zauna ta fito da buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas. Ta kuma sauko da wata tukunya daga ragaya, ta ce wannan ta baƙi Musulmi ce, ba a taɓa dafa wani abu a cikinta ba sai nasu. Idona ya cika da hawaye, na yi kamar hayaƙi ne.

Gidan kuwa, masu karatu, gani ya kori ji. Zogale ne shingen. Bayan madafa ga yakuwa, ga kuɓewa, ga gauta da tattasai, kabewa ta hau rufin ɗaki ta yi zamanta. Inda ruwan wanke-wanke ke bi an dasa gwaza, ko ɗigo ba ya tafiya a banza. Rumbu uku, awaki a turke, amyar zuma a kan bishiyar ɗorawa. Aka kawo mana kunu da zuma, Malam ya sha kofi biyu yana kallona yana gyaɗa kai, wato kin gani ko.

Bayan mun huta ya roƙi fartanya. Ya yi rabin kunya a gonar gyaɗa, ya miƙe ya dafe ƙugu, ya ce dama yana so ne ya ji yanayin ƙasar.

Bayan La'asar

Muna zaune ƙarƙashin mangwaro sai ga Baba Ayuba da wani jan zakara, ƙato, mai tsayin ƙafa, a ɗaya hannun kuma wuƙa. Ya ajiye su gaban Malam.

"Malam, ga naka. Mu nan in baƙo Musulmi ya sauka, shi yake yanka da hannunsa, don ya ci hankali kwance. Haka na tarar ubana yana yi."

Al'adar ke nan da na sani. Ga kuma abin da na sani game da Malam, ya ce in rubuta amma kada in ambaci sunansa: tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa yanka ko tantabara ba. Kaji a kasuwa ake yanka mana su. Ranar Layya da an kayar da rago sai waya ta same shi, maƙwabcinmu ya yi aikin. Jini ne ba ya iya gani, ko na ɗan yatsa.

Malam ya dube ni. Na ce, "Ai Baba ka kawo wa mai shi. Malam kullum zancensa ke nan, mu yanka abin da muka kiwata."

Rifkatu ta shige madafa da sauri, tana danne dariya.

Malam ya fara da tambayar gabas, wadda aka nuna masa ɗazu. Ya taɓa bakin wuƙa ya ce ba ta da kaifi, addini ya hana a wahalar da dabba. Baba ya wasa ta a dutse har tana ɗaukar ido. Ya ce a ba zakaran ruwa tukuna. Aka ba shi, ya sha ya ƙoshi. Ya tambaya ko babu wani Musulmi a kusa, don a raba lada. Baba ya ce akwai Fulani a hayi, amma sun tafi da shanu sai magariba.

Da dabara ta ƙare, ya durƙusa, ya taka fukafukai da ƙafa ɗaya, ƙafafu da ɗaya, ya kama kai. Ya yi Bisimilla da murya mai kyau. Sai zakaran ya juyo da ido ɗaya ya dube shi. Ni dai na ga takalmin roban ya ɗaga kaɗan. Malam ya ce santsi ne. Zakara ya yi fir, ya haye shingen zogale, ya faɗa gonar citta, yana ihu kamar an riga an yanka shi.

Mama Tani ba ta ko tashi ba. Ta watsa tsaba ta yi kiran kaji, sai ga shi ya dawo da kansa, ta cafke shi ta ɗaure masa ƙafa.

Malam ya share zufa ya ce, "Baba, gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa ba, kuma ba zan iya ba."

Na sunkuyar da kai, tausayinsa ya kama ni, amma can cikin zuciyata ina cewa gida ya tsira. Sai Mama Tani ta tafa hannu ta fashe da dariya.

"Wannan ne abin kunya? Ka ga tsohon nan? Tun da na shigo gidan nan ni nake masa yanka. In ya ga wuƙa sai ya tuna akuya ba ta sha ruwa ba."

Baba Ayuba ya ce, "Ai shi ya sa Allah Ya yi mutum biyu-biyu."

Fuskar Malam ta washe. Ya juyo gare ni a hankali. "Maman Hanifa, kin ji ko? Ashe matar ce ke yi. Kuma na karanta, yankan mace ya halatta."

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ni da ko kyankyaso sai na kira yara su kashe! Na ce magariba ta gabato, ba a son yanka da duhu. Daren nan faten acca muka ci da yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa, babu nama, kuma wallahi ban taɓa cin fate mai daɗinsa ba. Sai dai da ƙyar yake wuce mini, don Malam yana ta lissafin inda za a yi mini akurkin kaji.

Lahadi da safe

Mutanen gida suka yi ado suka tafi coci. Mama Tani ta ɗora wuƙar a kan turmi ta ce, "Dije, ga ruwa a wuta, in kun gama ku fige." Aka bar mu mu uku, ni da Malam da zakara.

Na ɗauki wuƙar. Na je har gabansa na tsuguna. Yana ta tsattsagar ƙasa da ƙafarsa ɗaure, bai san ma ana shawara a kansa ba. Daga nesa ana jin gangar coci. Na ajiye wuƙar na zauna a ƙasa, sai kuka.

"Malam, ba zan iya ba. Kuma ba zakaran kaɗai ba ne. Ba na so a sayar da gidan. In Inna ta faɗi da dare wa zai je? Na san da wannan al'adar tun kafin mu taso, da gangan na yi shiru."

Ya zauna kan turmin ya cire takalmin, ƙafarsa duk ta yi bororo.

"Ai na gane tun da kika fara yabona gaban mutane. Ke da ko aski na yi ba kya cewa ya yi kyau." Ya dubi zakaran. "Yanzu mu biyun nan ne za mu zauna a daji? Kaji su hayayyafa, awaki su hayayyafa, ba mai taɓa su, mu muna cin ganye. Ƙarshenta su za su gaje mu."

Na yi dariya da hawaye a fuska. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa mini tun a gida?" Na ce, "Da ka ji?" Ya ce, "Da ban ji ba." Ya ciro waya, ya yi ta zagaya tsakar gida ba takalmi yana neman sabis, sai a gindin rumbu ya samu. Ina ji ya ce wa dillali a ba mai saye haƙuri, gida ba na sayarwa ba ne.

Da suka dawo suka tarar ruwa ya ƙone a tukunya, zakara yana cin tsaba a hannun Malam. Baba Ayuba ya ce kazar baƙo ta baƙo ce, in bai ci a nan ba sai ya tafi da abarsa. Mama Tani ta ƙulla mini irin yakuwa da kuɓewa da tattasai a tsumma, ta sara mini rassan zogale, ta koya mini yadda ake cika buhu da ƙasa da takin awaki a huda gindinsa, ta ce ko a kan siminti miya za ta fito.

Komawa

A Kachia direba ya ce zakara sai dai a but ɗin mota. Malam ya ce a'a, zafi zai kashe shi, a cinyarsa ya riƙe shi har Kaduna. Wata mata a bayanmu ta ce, "Baba, na miyar yau ne?" Ya ce, "Baƙo ne." A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce a bar musu na barka da hanya, Malam ya miƙa masa ƙullin gyaɗarmu gaba ɗaya ya rufe zakaran da babbar riga.

Muka rabu da Rifkatu a Television tana cewa in mun gaji da zakaran ta san hanyar gidanmu. Ana kiran Magariba muka buɗe ƙofarmu. Na tsaya a tsakar gida na dubi bangon da duk ya tsattsage, da famfon da ba ya kawo ruwa, na ce Alhamdu lillahi.

Yanzu buhu tara ne jere a jikin katanga, yakuwa ta fara ba mu miya, Malam ne mai ban ruwa safe da yamma, da takalminsa. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Godiya ga Baba Ayuba da Mama Tani, Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara wa rumbunsu albarka, da Rifkatu wadda har yau in ta kira sai ta fara da tambayar lafiyar baƙo. Maƙwabtanmu kuma da suke ƙorafin yana tashinsu tun kafin ladan, ku yi haƙuri. Duk wanda ya ga zai iya, ga wuƙa nan a madafa, amma sai ya fara wuce Malam.