Barcin Jibo na Mahuta

A Mahuta kowa ya san Jibo da abu guda: ba a taɓa ganinsa a kwance ba. Da rana yana gonar masara, da yamma ya hau babur sai Funtua dakon buhunan hatsi, ba zai dawo ba sai gab da asuba. Goro kuwa ba ya rabuwa da bakinsa. In an ce ya huta, sai ya ce, "Haba! Ni rago ne?"

Da ya haura arba'in, ƙirjinsa ya fara bugawa kamar ana daka. Wata rana yana tsakiyar huɗa jiri ya kayar da shi. Hankalin matarsa Shafa'atu ya tashi matuƙa, domin haka mahaifinsa ya faɗi a gona, bai sake tashi ba.

A asibiti likita ya ce jininsa ya hau, zuciyar ta gaji. Ya ba shi magani, ya ce ya bar dakon dare, ya riƙa barci sosai, ya kuma ɗan kishingiɗa bayan azahar. Jibo ya yarda da komai, ban da na ƙarshen. A gan shi kwance da rana, a tsakiyar damina? Ina!

"Malam, kai dai shiga ka kwanta," in ji Shafa'atu. "Ka bar ni da masu sallama."

Haka aka yi. Duk wanda ya zo, sai ta amsa daga bayan zana, "Ya tafi gona." Bayan 'yan watanni suka koma asibiti, likita ya auna ya ce jinin ya sauka. Shafa'atu ta yi hamdala har da hawaye, Jibo kuwa ya washe baki kamar shi ya yi dabarar.

Ran nan amininsa Shitu ya yi sallama, ta ba shi amsar da ta saba. Ga munsharin Jibo kuwa, har zaure ana ji! Kunya ta kama ta.

Shitu ya rage murya ya ce, "To uwargida, a bar shi ya yi nomansa. Ai duk unguwa mun sani. Kin ga ma an daina tayar da injin niƙa bayan azahar."