Yatsa Biyu a Motar Gunu

Duk wanda ya zauna a Banikanni, nan cikin Paraku ta ƙasar Benin, ya san Dado mai cuku. In ma bai san ta ba, ya san motarta. Doguwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da kabad da ɗan murhu, fentinta ruwan madara ne da ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Wasu Turawa mata da miji ne suka ƙetaro hamada da ita tun Dado tana amarya, tafiya ta ishe su a garin nan, suka sayar wa mijinta Gunu suka hau jirgi. Gunu bakanike ne, Allah ya jiƙansa, mai sanyin magana da zafin aiki. Ya fi shekara talatin yana lallaɓa motar nan, kuma ba ta taɓa kwana da shi a daji ba.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, shi ya koya wa Dado tuƙi a filin ƙwallon makaranta, mutane na tsaye suna dariya. Daga nan ita ke riƙe sitiyari, shi yana gefe yana bin injin da kunne. Su bi kasuwannin ƙauye, Ndali, Ina, har Bembereke, su sayi cuku a hannun matan Fulani, su kwana a motar, su dawo da shi kasuwar Arzeke. Abu ɗaya ya riƙa nanata mata.

"In kin manta ruwa, za ta yi zafi ta gaya miki. Baƙin mai ba ya magana, fitilarsa ta mutu tun zamanin Turawan. Geji ne kaɗai bakinsa."

Saboda haka kullum in ta idar da sallar asuba ta gama laziminta, sai ta ɗaga murfin injin da ke tsakanin kujeru biyu na gaba, ta yi bisimilla, ta zaro gejin, wato doguwar sandar ƙarfen nan mai alama biyu, ta goge da tsumma, ta mayar cikin bututunsa, ta sake zarowa ta duba. Tsohuwar mota ce, tana shan mai. Duk kwana huɗu ko biyar sai an ƙara mata.

Da Gunu ya rasu, dangi suka zauna a kan motar. Wasu suka ce mace ba ta riƙe mota, a ba Tori. Tori ƙanen Gunu ne, shi ya gaji garejin. Baba Sero, babban gidan, ya ce a bar wa Dado muddin tana iya riƙonta, ranar da ta kasa sai ta koma hannun Tori ya cire gadon da kabad ya riƙa jigilar doya. A ranar Tori ne ya fi kowa ɗaga murya cewa a bar mata. Ba ta yi mamaki ba. Yana ɗan shekara tara aka kawo ta gidan, ita ta riƙa daka masa sakwara, ita ta riƙe shi ranar da aka cire masa haƙori. Yanzu ya ba hamsin baya, da furfura a gemunsa, amma wasan ƙanen miji da matar wa bai mutu a tsakaninsu ba. In ya hango ta sai ya ce, "Ga matata, ga uwargida mai gida a kan taya!" Ita kuma ta ce, "Miji ko mijin aro? Je ka wanke hannu tukuna, ɗan baƙin mai."

Shekara uku tana riƙe da motar lafiya lau.

Wata safiyar Alhamis, bayan damina ta gama cinye hanyar Ndali, ta tura gejin sai ta ji bututun ya yi laƙwas ya biyo hannunta. Tsatsa ta cinye shi daga gindi, ya karye, guntunsa ya maƙale a jikin injin. Ta toshe ramin da tsumma, ta tuƙa a hankali zuwa gareji.

"Matata, me kika karya mini yau?"

"Tsufa ne ya karya, irin wanda ke jiran gwiwarka."

Ya leƙa ya yi tsaki, ya hau babur ya tafi layin masu tsofaffin kayan mota, ya dawo da wani bututu a hannu. Ta zauna a kan benci da carbinta tana kallo. Aiki ya yi mai kyau, wannan ko ita ba ta taɓa musawa ba. Ya jiƙa guntun da kananzir, ya shafa wa wata ƙusa mai zare giris don kada ɓarɓashi ya faɗa cikin mai, ya murɗa ta cikin guntun har ta kama. Ya damƙi kanta da filaya yana bubbugawa sama da ƙaramar guduma, yana zagin Turawan da suka ƙera wurin da hannu ba ya shiga. Sai da aka kira azahar guntun ya fito. Ya goge ramin, ya shafa wa sabon bututun mai, ya ɗora sifana a wuyansa yana dukan ta sannu-sannu har ya zauna daram, ya ɗaure shi a jikin injin.

Dado ta tsince tsohon bututun da guntunsa daga ƙasa ta naɗe a tsumma. Ba ta yar da abin da hannun Gunu ya taɓa. Sannan ta tura geji ta zaro. Mai ya haye alamar sama da nisa.

"Tori, zo ka gani. Jiya yana tsakiya, yau ya wuce kai. Daidai yake da tsohon kuwa?"

"Tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke ce kike ɗura mata mai kamar mai kiwon agwagwa. Kada ki ƙara ko ɗigo sai ya sauko."

Wani abu ya ɗan taɓa zuciyarta. Ta taɓa ganin Gunu ya canza irin wannan bututu a motar wani direba, bai sallame shi ba sai da ya tsiyaye man kaf, ya auna sabo da gwangwani ya zuba, ya yanka sabuwar alama a gejin da magagari. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ga wani mai babbar mota yana danna oda a bakin gareji, Tori ya ruga yana "ranka ya daɗe". Ta ce a ranta, shi ne bakanike, kuma a hannun Gunu ya koya.

Mako ya wuce, biyu suka wuce. Kullum asuba tana dubawa, man yana saukowa kaɗan-kaɗan amma bai kai inda za a ƙara ba. Har daɗi ta ji. Ta kai masa cuku soyayye ta ce hannunsa ya raba motar da shaye-shaye. Ya karɓa ya ci, yana dariya.

A mako na shida, tana dawowa daga garin Ina da rana tsaka, kwanduna cike da cuku, injin ya fara wata ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe. Kafin ta sauka gefen titi ya yi gum. Ta ɗaga murfi, wani wari ya bugi hancinta. Ta zaro geji: mai yana nan tsakanin alama biyu, daidai inda ta gan shi da safe. Motar katako ce ta jawo ta zuwa gari da igiya, rabin cukun ya yi tsami a hanya.

A gareji, gaban direbobi da masu babur, Tori ya kwanta ƙarƙashin motar ya kwance ƙusar da ake tsiyaye mai. Abin da ya zubo bai cika kwanon sha ba. Ya miƙe yana goge hannu, bai kalle ta ba.

"Inji ya buga. Babu mai a ciki."

"Na duba da safe, Tori."

Wani direba ya ce, "Hajiya, ko tukunyar miya kika duba?" Aka kwashe da dariya.

Ta jira Tori ya yi magana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Shekaru ne. Mutum yakan ɗauka ya yi abu alhali bai yi ba." Wannan karon bai ce matata ba.

Kafin dare magana ta zaga Banikanni: Dado ta bar motar marigayi ba mai har ta ƙone. Baba Sero ya aiko cewa za a zauna ranar Lahadi.

Kwana biyu ba ta fita kasuwa ba. Har ta fara tuhumar kanta, ko idonta ne ya fara bin na Gunu. Ranar Asabar da hantsi tana share cikin motar, wadda aka turo aka ajiye a ƙofar gidanta, sai ta ci karo da tsumman nan a ƙarƙashin gado. Ta warware, ta haɗa tsohon bututun da guntunsa baki da baki a kan tabarma. Ta zare tsinken tsintsiya ta auna, ta karya daidai tsawonsa. Ta ɗaga murfin inji ta jera tsinken a jikin sabon bututun, daga inda ya shiga inji zuwa bakinsa. Ko da ta cire ɗan abin da ke nutsewa cikin ramin, tsinken ya ɗara sabon da yatsa biyu. Ta sake aunawa sau uku. Gajeren bututu, geji ya nutse fiye da ƙima, ya taɓo ɗan man da ya rage a ƙasa ya ce mata akwai.

Ta yafa mayafi ta tafi layin tsofaffin kaya, wurin Sosa, mutumin kudu da kowa ya san Tori a wurinsa yake saye.

"Maman cuku! An ce motarmu ta kwanta, sannu."

Ta ajiye masa tsohon bututun. "Irin wannan ka ba Tori?"

"Irin wannan? Ina zan samo shi, sai dai a kabarin Bature! Na ƙaramar mota na ba shi. Gindinsu ɗaya, tsayi ne ba ɗaya ba. Na gaya masa da bakina, na ce Tori, gajere ne fa, ka yanka sabuwar alama. Ya ce ni zan koya masa aiki?" Sai ya dubi fuskarta, dariyarsa ta ɗauke. "Bai yanka ba?"

Ta naɗe bututun a tsummansa. Ta yi masa godiya ta wuce gareji. Ta sami Tori shi kaɗai yana cin wake da shinkafa a bayan wata mota. Ta ajiye tsinken tsintsiyar a kan gwiwarsa.

"Daga wurin Sosa nake. Ban gaya wa kowa ba. Mantuwa ce, na sani, mai babbar motar nan ne ya ɗauke maka hankali. Gobe ka faɗa da bakinka, shi ke nan, ya wuce."

Ya daɗe yana kallon tsinken. Ya ce, "Yaya Dado, in aka ji wannan a layin nan, wa zai sake kawo mini mota?"

"Ni kuma da aka ji nawa fa?"

Ya ture kwanon gefe.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka zauna a ƙarƙashin mangwaron gidan Baba Sero. Tsohon ya juya ga Tori ya ce, kai ne ka buɗe injin, gaya mana abin da ka gani. Dado ta sunkuyar da kai tana jan carbi, tana roƙon Allah ya buɗe bakin yaron da ta raina.

"Abin da na gani shi ne babu mai," in ji Tori. "Ban san abin da ya faru a hanya ba. Motar dai, in an ba ni, zan tashe ta."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da tsumman, ta jera ƙarafan biyu a kan tabarma gaban Baba Sero, ta ce a je ƙofar gidanta a auna, a kuma aika a kira Sosa. Ba ta ɗaga murya ba. Ba a kai ga kiran Sosa ba. Baba Sero ya dubi Tori kawai, Tori ya dubi ƙasa, kowa ya gane.

Tsohon ya ce mota tana nan a hannun Dado, kuma Tori zai tashi injin. Ta ce ta gode, amma a bar mata gyaran. Aka yi ta ba ta baki, ta ce ta yafe, har ga Allah ta yafe, sai dai Tori ba zai sake ɗaga murfin nan ba.

Har yau ba ta san ko mantuwa ce tun farko ko kuwa jigilar doyar ce ta shiga ran Tori ba. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta, ta ce wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, ita abin da ta ji da kunnenta a ƙarƙashin mangwaro ya ishe ta.

Wata tara motar tana tsaye a ƙofar gida, Dado na zama a bakin tagarta tana sayar da cukun da wasu suka saro. Daga baya wani bakanike daga Jugu ya zo ya tashi injin. Ranar da ya gama, ta tsaya a kansa ya auna mai da gwangwanin Gunu ya zuba, ta tura geji ta zaro, ta ɗauko magagarin marigayi ta yanka alamar da hannunta.

Tori yana zuwa gaisuwa ranar sallah. Takan shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Bara da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya gwada, murya ƙasa-ƙasa: "Matata, ba ko ɗan cuku?"

Ta sa aka ƙunsa masa manya guda biyu. Ta ce, "A sauka lafiya, Malam Tori."