Sau Ɗaya Illo Ya Nemi A Raka Shi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Illo ya rasu.

Da safen nan ina gaban allo a lakkol, makarantar da nake koyarwa, waya ta yi ta ruri a aljihu har na fita na ɗauka. Ƙanensa ne. Wai bayan sallar asuba ya ce kansa na sara, ya kwanta kan tabarma, kafin a samo abin da za a kai shi likita rai ya yi halinsa. Hawan jini, in ji su. Ni ban ma san yana da shi ba, ni da nake bugun ƙirji ina cewa abokina ne tun muna yara.

Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Yanzu na shigo gida, na kasa ci, na kasa zama. Bari in rubuta.

Ga wanda bai san shi ba, Illiyasu ne mai gyaran keken ɗinki, siririn nan mai baƙar jaka a bayan tsohon moto mai ƙafa biyu. Babu telan da bai san shi ba a Tawa. Mata masu keke a gida kuwa, har daga Bambai da Tebaram kiransa suke yi. Zai gyara keken, ya ɗaure ƙafar tebur in tana rawa, in ya ga ƙyauren gida ya saki ya kama shi, ya sha ruwa ya tafi. Rabinsu ba su san sunansa ba, "mai keke" kawai suke cewa.

Mu a fadarmu ta shan shayi, Sarkin Rakiya muke ce masa. Ni na raɗa masa sunan, Allah ya yafe mini.

Kun san yadda muke yi a nan. Namiji ba ya zuwa gidan su mace karon farko shi kaɗai kamar marar kowa. Sai da aboki, wanda zai yi sallama, ya gaida tsofaffi, ya faɗi halin mutum da asalinsa, sannan ya ja gefe. To a wannan aiki Illo ba shi da na biyu. In dai don wani ne, bakinsa zuma. Ya taɓa yabon abokinmu Sale gaban wata tsohuwa har Sale da kansa ya waiwaya ya ga ko wani ake nufi.

Mu takwas ya raka, mu takwas muka yi aure. Shi ne mai kore awaki daga tabarma, shi ne mai hira da kaka har a gama zance. Tsofaffin garin nan da yawa sun so shi. 'Yan matan ne dai ba su taɓa kawo shi a lissafi ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Na tambayi matata Hadiza, ta ce in faɗa.

Shekara goma sha biyu ke nan, wata Lahadi da la'asar, Illo ya faɗo ɗakina cikin sabuwar shadda, ƙamshin turare kamar an fasa kwalba, yana haki. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, tashi ka sa riga. Na yi ɓarna."

Ashe akwai yarinyar da yake gyara wa keke kusan shekara guda, yana sonta bai gaya wa kowa ba. Ranar ya yi ta maza ya tafi shi kaɗai. Ta fito, ta gan shi cikin shadda, ta ce, "A'a, Illo, wa ka rako yau?"

Shi ke nan, baki ya mutu. Sunan da ya fara zo masa shi ne nawa. Ya ce mata wai ina nan tafe, moto ne ya lalace mini a hanya. Ni da ko keken hawa ba ni da shi a lokacin!

"Don Allah ka taho ka hisshe ni kunya," ya ce. "Minti goma kawai za ka zauna, in mun hito ka ce ba ta yi maka ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na sa riga, ya goya ni a motonsa.

Minti goman nan, yau 'ya'yanmu huɗu da Hadiza.

Da na ga abin ya zama gaske, na tambaye shi sau ɗaya ko abin bai sosa masa rai ba, ina sosa ƙeya. Ya ce, "In kana magana dariya take yi. Ni in na yi magana, zancen keke take kawowa. Ka ci gaba abinka." Na cafke amsar nan da sauri don ita nake son ji. Shi ya yi mini abokin ango, ya raba goro yana murmushi.

Ranar da aka haifi 'yarmu ta fari ina Yamai wajen fomasiyo, wato horon malamai. Shi ya nemo mota, shi ya tsaya a ƙofar likita cikin rana, shi ya kira ni ya yi mini barka. Keken Hadiza kuwa, duk shekarun nan ko sau ɗaya bai bari ta kai shi wajen wani ba.

To ga inda kunyar take.

Sati huɗu da suka wuce ya same ni a fada, ya yi ta juya kofin shayi har kowa ya tashi sallar magariba. Sannan ya matso. Wai akwai wata Zalika a Afala, bazawara, tela ce. Cikin wata ɗaya kekenta ya lalace sau biyar. In ya je, yau ya tarar an cire bel, gobe an sa allura a juye. Shi kuma bawan Allah sai ya gyara, ya yi mata bayani dalla-dalla yadda ake sa allura, matar da ta shekara ashirin tana ɗinki! Sai da gwaggonta ta gaji ta tare shi a zaure ta ce, "Kai ɗan nan, keke lahiyarshi lau. Ka taho da mutum ku gaishe mu."

Fuskarsa ranar, wallahi kamar an ba yaro kayan sallah.

"Juma'a bayan masallaci," ya ce. "Ka raka ni, Mushe. Ka san ni, in don kaina ne bakina ba shi buɗuwa."

Na ce, "An gama, Sarki."

Washegari na kwashe labarin na kai wa 'yan fada. Muka yi ta sheƙa dariya, Sale yana kwaikwayon yadda yake koya wa tela sa allura. Illo yana zaune yana taya mu dariyar, yana zuba mana shayi.

Juma'ar farko ina da gyaran takardun jarrabawa. Wannan gaskiya ce.

Ta biyu ba ni da komai. Na ci tuwo na kwanta, na farka na ga kiransa biyu. Na tura masa saƙo: sati mai zuwa in sha Allah.

Ta uku ya zo har ƙofar gida, cikin farar shadda da hula, ya wanke motonsa tas. Na fito da singileti, ana ƙwallo a tele, rabin hankalina na ciki. Na fara kame-kame, wai rana ta yi zafi, wai hanyar ba kyau. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna ba takalmi, ya yi murmushin nan nasa.

"Ba komi, Mushe, koma ka huta. Afala tana nan."

Ya tura moton da ƙafa har kwana kafin ya tayar. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na koma na ƙarasa kallon ƙwallona.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, Hadiza ta tare ni da jajayen idanu ta ce, "Ita ta Afala, an gaya mata?" Ba wanda ya gaya mata. Danginsa ba su ma san da ita ba, yana jira sai an je gaisuwa tukuna.

Bayan azahar na hau moto. Hanyar da na ce ba kyau, ko awa ɗaya ban yi ba na isa.

Na same ta a rumfa tana ɗinki, gwaggon na gefe tana ɓare gyaɗa. Ina faɗin sunana ta miƙe da fara'a ta shimfiɗa mini tabarma. Ban san yadda na yi na faɗa ba, na dai faɗa. Ta koma kan kujerar keken ta zauna, tana ta salati.

Gwaggon ce ta yi magana. "Na ce mishi ya taho da kowa ma, ko shi ɗaya mun karɓa. Ya ce a'a, yana da aboki guda da ya san shi tun ƙuruciya, shi yake so ya yi magana a kanshi gaban mutane. Ya ce aiki ne ya yi maka yawa, amma kai ba ka saɓa alkawari."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na tashi zan tafi, Zalika ta ɗago kai. Ba faɗa, ba zargi, tambaya kawai.

"Mushe, gobe Juma'a. Da yana nan, da kun taho?"

Na so in ce mata e. Amma na san kaina, kuma na riga na yi wa Illo ƙarya har sau biyu, ban iya ƙara wata a kan kabarinsa ba. Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya Allah, ka san Illo fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba shi gida a Aljanna Firdausi. Ka ba mahaifiyarsa da 'yan uwansa haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Zalika. Ni kuma ka yafe mini, don shi ba zan ƙara samun damar roƙonsa ba.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a. Ku kira sunansa a ciki: Illiyasu.