Babarbaren da Ya Koya Mana Aljabara

Shekarar da na shiga ajin share fage a wata kwaleji a Dutse, garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba, ko'ina ka duba gini ake yi. Ni daga wata ruga na fito kusa da Aujara, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya wuce sakandare. Sharaɗin ajin a fili yake: ka ci lissafi ka wuce, ka faɗi a ƙarshen shekara a sallame ka. Na riga na faɗi zangon farko. Baffana da ya riƙe ni ya ce in na sake faɗuwa, sandata na nan a jingine, shanu ba su gaji da ni ba.

Mu 'yan rugage a bayan aji muke zama. Ba daƙiƙanci ke kashe mu ba, kunya ce. A gidanmu ba ka ce wa babba ba ka gane maganarsa ba, kamar ka ce masa bai iya magana ba ne. In malami ya juyo ya ce, "Kun gane?" sai mu sunkuyar da kai mu ce, "Mun gane." Wallahi ko alif ba mu gane ba. 'Yan birni kuwa hannu a sama, tambaya kan tambaya.

Zango na biyu aka kawo mana sabon malamin aljabara, wani dattijo mai furfura a gemu. Ranar farko ya hango bayan aji ya ce, "A'a! Wa ya buɗe wa bayina ƙofa? Ku Fulani me ya haɗa ku da lissafi? Ku je ku tatsi nono mana."

Aji ya kwashe da dariya, mu kuma muka kalli juna. Ba mai yi wa Bafulatani haka sai Babarbare. Tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni, ko sa'an ubanka ne ya tsokane ka, ramawa ake yi, ba laifi.

Ya rubuta a allo: x a tara da biyar ya ba da sha biyu. Ya tsallakar da biyar ɗin ɗaya gefen, ya tara, ya ce amsa sha bakwai. Ya harari 'yan gaba suka yi shiru, sannan ya ce, "Bayina, ku tafa wa ubangidanku."

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Allah gafarta malam, sha bakwai da biyar ai ya wuce sha biyu. Ku Barebari har a allo sai kun ci riba?"

Ya ce, "To, bawa, ina na kauce?"

Na ce, "Ban gane ba."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Tunda nake ban taɓa gaya wa babba haka ba, kuma ba abin da ya same ni. Ya miƙo min alli ya ce lissafin nan mangalar jaki ce, abin da ka rage a gefe ɗaya sai ka rage a ɗayan, in ba haka ba kaya su zube. Na rage biyar nan, na rage biyar can. Bakwai ta fito.

Daga ranar bai taɓa tambayar mu ko mun gane ba. Kullum sai ya yi kuskure da gangan, mu kuma mun baza ido muna jiran mu kama Babarbare. Bayan aji ya zama wurin da ya fi ko'ina surutu. Na ci jarrabawa, yawancinmu ma mun ci. Sandata ƙanena ya gada.

Wajen shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, ina koyarwa, na ji rasuwarsa. Na je ta'aziyya gidansa a Limawa. Abin da ya ɗaure min kai, kan tabarmi duk Fulatanci ake yi. Na durƙusa gaban wani tsoho da aka ce yayansa ne daga wajen Taura, na yi gaisuwa, na ce ban taɓa ganin Babarbare mai son Fulani irin marigayi ba.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Babarbare? Yaro, uwa ɗaya uba ɗaya muke, a ruga aka haife mu. Shi ma sai da aka taɓa koro shi daga makaranta, don ba ya iya buɗe baki ya yi tambaya."

Na laluba a raina, ashe bai taɓa ce mana shi Babarbare ne ba, mu muka yanke. Dattijon Bafulatani, mai kunya irin tamu, ya tsaya sa'o'in 'ya'yan cikinsa na yi masa tsiya kullum, yana shanyewa, don kawai bakinmu ya buɗe. Har yau abin na ba ni mamaki.

Tsohon ya ce, "Ka gane?"

Na ce, "Baffa, sai yau na gane."